Jirgi ya wuce V1, matuƙi zai iya fasa tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce akwai wani gudu da in jirgin sama ya kai shi a kan titin tashi, ko inji ya kama da wuta sai ya tashi. Ashe ba gara a tsaya a ƙasa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka ji haka yake. Gudun nan shi ake kira V1, kuma kafin kowane tashi ake lissafa shi, a duba nauyin jirgi, tsawon titi, iska, ko titin a jiƙe yake, da zafin gari. Zafin Kano na watan Afrilu yakan sa jirgi ya ci titi fiye da lokacin hunturu. A jirgi irin Boeing 737, V1 yakan kai wajen kilomita 260 a awa, wato mita 70 da ɗoriya duk daƙiƙa ɗaya.

Da za ka leƙa ɗakin matuƙa, za ka ga hannun kyaftin a kan totur tun daga fara gudu, a shirye yake ya janye. Da an ce "V1" sai ya ɗauke hannun. Daga nan titin da ya rage ba lalle ya ishi birki ba, kuma jirgi mai inji biyu an ƙera shi ya tashi da inji ɗaya, ya zagayo ya sauka motocin kashe gobara na jiransa.

Rai dai yakan ce a tsaya, kuma nan ake halaka. A watan Satumban 2008, a Columbia ta jihar South Carolina a Amurka, taya ta fashe wa wani ƙaramin jirgi Learjet 60 bayan ya wuce V1. Aka fasa tashi, jirgin ya zarce titi ya kama da wuta, mutum 4 cikin 6 suka rasu. Ga shi kuwa fashewar taya ba ta hana jirgi tashi.

Ƙofa ɗaya aka bari: idan jirgin ba zai iya tashi ba sam. Ranar 8 ga Maris 2017, a filin Willow Run na jihar Michigan, kyaftin ɗin wani jirgin fasinja MD-83 ya ja sitiyari hancin jirgi ya ƙi ɗagawa, domin abin da ke ɗaga shi a wutsiya ya maƙale. Ya taka birki bayan V1, jirgin ya fasa shinge, amma duk mutum 116 suka fita da rai. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ce ya yi daidai.

A ganina wannan ba lasisi ba ne. Ƙara, girgiza, fitilar gargaɗi, har wutar inji, duk ba su kai hujja ba. Shi wancan kyaftin ya ja ne, jirgin ya ƙi barin ƙasa.