Lasisin malami a Gwanja: amsa ga ɗana na Kano

Ɗana, saƙonka ya iso ni ina zaune a ƙofar gida a unguwar Aboabo, nan Kumasi, bayan la'asar, har na karanta wa abokan hira suka yi ta dariya. Ka ce, "Baffa, wai da gaske ne a Ghana malami sai da lasisi kamar direban mota? To su malaman allo na Zango fa, su ma layi suke bi?" Tambaya biyu ka haɗa a ɗaya, kuma ta biyun ta fi ta farkon daɗi.

Ta farko dai gaskiya ce. Akwai hukuma a Akra, wadda mu nan muke kira Ankara, sunanta NTC, majalisar kula da aikin malanta ta ƙasa. Kusan ita ce TRCN ɗinku, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, sai dai tamu ta fi taku haƙori, don in babu takardarta gwamnati ba za ta ɗauke ka aiki ba. A watan Satumba na 2018 aka fara zana jarrabawar lasisin. A farkonta takarda uku ce: Turanci, lissafi, da dabarun koyarwa. Mu da muka riga muka daɗe da alli a hannu ba a sa mu zana ba, rajista aka yi mana aka ba mu kati. Yaran da suka biyo baya su suka sha ta.

A wannan shekarar ce kuma aka ɗaga kwalejojin horon malamai. Da difloma ta shekara uku ake yi, kamar NCE ɗinka, sai aka mai da ita digiri na shekara huɗu. A lokacin kwalejojin gwamnati 46 ne, kowace an rataya ta a wuyan ɗaya daga manyan jami'o'i biyar, irin su ta Cape Coast da ta Winneba da ta kimiyya da fasaha (KNUST) ta nan Kumasi, su ke duba karatun su ba da digirin. Ɗaya daga cikin 46 ɗin, Al-Faruq da ke Wenchi, ta Musulmi ce, yaran Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, da yawa can suke nufa. Abin da ya fi burge ni a sabon tsarin shi ne tun shekarar farko ake tura ɗalibi makarantar firamare ya zauna a bayan aji yana kallo. Mu a zamaninmu sai dab da ƙarewa muke ganin idon yara.

Bari in ba ka labarin ƙanwarka, autata. Ta gama kwaleji da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, ta zana jarrabawar lasisi, lissafi ya kayar da ita. Ta sake, ya sake kayar da ita. Wata biyu ba ta fita ko biki. Uwarta ta ce a kai wa malam ya yi rubutu, na ce a kai, amma a haɗa da littafin lissafi na aji shida. Kullum bayan isha'i muna kan tabarma ni da ita, ina yanka lemo gida takwas ina tambayarta uku cikin takwas da rabi wanne ya fi yawa. A karo na uku ta haye. Yanzu tana koyar da 'yan aji biyu, kuma ita da bakinta ta ce da an bar ta ta shiga aji a yadda take da farko, da ta zalunci 'ya'yan mutane.

Ba ita kaɗai ba ce. A 2023, cikin mutum dubu bakwai da ɗari bakwai da 'yan kai da suka sake zama, fiye da kashi 80 cikin 100 suka faɗi. Ƙasa ta ɗauki zafi, rediyo ba wata magana sai wannan. Na tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, da aka ba malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa. Bambancin shi ne ku a cikin aji aka tarar da su, mu a bakin ƙofa aka tare su. Ni dai na fi son a tare a ƙofa. Amma masu ƙorafi ma suna da tasu hujja: in kwaleji ta riƙe yaro shekara huɗu ta ba shi digiri, sannan ya kasa lissafin firamare, wa ya kamata a tuhuma? Wannan ƙorafi ne ya shiga siyasa, har John Mahama ya yi alkawari a yaƙin neman zaɓen 2024 cewa zai soke jarrabawar a yadda take, a cusa ta cikin karatun shekarar ƙarshe. Shi lasisin yana nan.

Kuma ba a karɓa a kwanta. Bayan shekara uku ake sabuntawa, sai ka tara maki na halartar bita. Duk Litinin hedimasta na duba littafin shirin darasi ya sa hannu da jan biro. Jami'in sa ido na gunduma kan faɗo ba sallama, a kan babur, ya zauna a kujerar yara ya ji yadda kake yi. Na taɓa ganin wani ya buɗe littattafan yara biyar, ya ƙirga aikin da aka ba su tun farkon zango, ya tarar guda huɗu ne kacal. Bai ce uffan ba, ya dai rubuta. Malamin nan bai ci abinci ba ranar.

To, malaman allo. Ka fara sanin cewa in mutumin Zango ya ce "makaranta", ta allo yake nufi, har Asantawa da ba sa jin Hausa sun san kalmar da wannan ma'ana. Ita kuwa ba ruwan NTC da ita. Lasisinta tsoho ne: wa ya karantar da kai, shi kuma wa ya karantar da shi. Alhaji Umaru, haifaffen Kanonku, da ya zauna Salga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, har yau akwai gidajen malamai da ke ƙirga silsilarsu zuwa gare shi. Baƙon malami in ya sauka unguwa yana son ya tara yara, liman zai jawo shi hira, ya sa shi jan baƙi ko ya ba shi limancin wata salla, dattawa na baya suna saurare. Ba wanda zai ce masa jarrabawa ake yi, amma shi ma ya sani. In ya yi, da safe za ka ga yara da alluna a zaurensa. In bai yi ba, za a ci gaba da gaishe shi da mutunci, zauren dai ya zauna wayam. Masu duba aikinsa kuwa iyaye mata ne. Uwa ta ji yaronta ya shekara bai wuce Sabbi ba, ba ta kai ƙara ko'ina, allon take ɗaukewa.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne makarantun da muke kira Ingilishi-da-Arabiyya. Iyayenmu sun daɗe suna ƙin boko don a hannun mishan yake. A 1987 gwamnati ta buɗe sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, sai masu makarantu da yawa suka yarda aka shigo. Gini na malam ne ko na jama'a, gwamnati ta turo malaman boko masu lasisi ta biya su, malamin Arabiyya kuma unguwa ce ta san shi. A nan ciwon yake. Mutum ya yi shekara shida a Madina ko Azhar, ya dawo yana koyarwa a aji ɗaya da yarinya sa'ar 'yarsa, ita tana da lambar albashi, shi yana jiran alawus da kan yi watanni bai zo ba, ko abin da iyaye suka tattara. Shi ya sa samarinmu masu wayo yanzu suke haɗa biyun: su sauke a zaure, su je kwaleji su samo takarda. Dattawa da farko sun ga kamar raini ne ga karatun, yanzu su ke tura nasu.

Ka ce kana tunanin zuwa ka gwada koyarwa a nan. NCE kaɗai ba za ta kai ka makarantar gwamnati ba, sai an tantance takardunka an auna su da namu, kuma ɗan ƙasa ake fara dubawa. Makarantun kuɗi na Zango dai suna son mai Hausar Kano da Larabci mai kyau, ko da yake yara za su yi maka dariya in ka ce "ta zo", don mu nan mace ma "ya zo" ne. In ka tashi, ka taho da takardunka na asali, kada ka kawo hoto, ka kuma riƙo wa gwaggonka kuka da daddawa, ta ce na nan ba su da ƙamshi. Ka gaishe min da mahaifinka.