Kallon jiragen yaƙi a Lakenheath: abin da zai taɓa takardunka da wanda ba zai taɓa ba

Wani ɗan'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a yankin Suffolk na Ingila ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina zaune kusa da sansanin sojin sama na Lakenheath. Ranar hutu nakan je inda Turawa ke taruwa suna kallon jirage, in ɗauki bidiyo in tura wa 'yan gida, wani lokaci in sa a TikTok. Kwanaki 'yan sanda suka tsaya suka tambayi sunana da abin da nake yi, suka duba lambar motata, suka wuce. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, don bizar aiki gare ni kuma ina sa ran neman zaman dindindin. Akwai kuma wani da ban sani ba da ya turo mini saƙo, wai zai riƙa biyana in ina aiko masa hotunan jiragen da lokutan tashinsu. Ga Hajiya ta ga bidiyon, ta ce in bar garin kada jirgi ya faɗo mana."

Ƙanena, Allah ya kwantar maka da hankali. Abin da ya hana ka barci shi ne mafi sauƙi cikin ukun, wanda ka ambata a tsakiya kamar ba komai ba kuwa shi ne babba. Da shi zan fara.

Mutumin nan mai son biyanka, kada ka tura masa ko hoto ɗaya, kada ka karɓi ko sisinsa. Masu sha'awar jirage na gaskiya ba sa sayen bidiyon waya daga baƙo, domin intanet cike take da hotunan jiragen yaƙi samfurin F-15 da F-35 na Lakenheath waɗanda aka ɗauka da kyamarori masu tsada, kyauta. Wanda ke neman lokutan tashi da sauka a kai a kai, wani abu daban yake tarawa. Birtaniya ta yi sabuwar dokar tsaron ƙasa a 2023, kuma a ƙarƙashinta taimaka wa hukumar leƙen asirin wata ƙasa laifi ne da hukuncinsa kan kai shekara 14. Ba sai ka ce ka san ko wane ne ba: idan aka ga ya kamata a ce ka gane, hakan na iya isa. Waɗanda aka fara kamawa da laifi da wannan doka samari ne da aka ɗauka aiki ta Telegram suka ƙona wani ɗakin ajiyar kaya mai alaƙa da Yukiren a gabashin Landan a 2024. Haka ake farawa, da ƙaramin aike da ɗan kuɗi. Ka ɗauki hoton saƙon ka adana, ka kira 101 ka sanar da 'yan sanda, sannan ka toshe shi. Rahoton da ka kai da kanka shaida ce a gare ka idan wata rana sunan mutumin ya fito a wani bincike da lambarka a wayarsa. Ko da ma an ɗauka mutumin kirki ne, bizar aiki tana da iyaka kan irin ƙarin aikin da za ka yi a biya ka.

Batun 'yan sanda kuwa, tsayawa su tambaye ka ba kamu ba ne, ba gargaɗi a rubuce ba ne, ba hukunci ba ne. Abin da fom ɗin zaman dindindin da na zama ɗan ƙasa ke bincika shi ne hukuncin kotu, gargaɗin da aka rubuta ka sa hannu, da shari'ar da ke gabanka. In ba a ba ka wata takarda ba, ba a kai ka ofishinsu ba, to ka saki jikinka. In an ba ka, ka nuna wa lauyan shige da fice mai rajista kafin ka cike komai, kada ka nuna wa "masanin" majalisa. Kuma ka sani sintiri ya ƙaru a wannan yanki tun Nuwamban 2024, lokacin da aka yi ta ganin jirage marasa matuƙi a saman sansanonin Lakenheath da Mildenhall da Feltwell. Ba zan ce maka launin fata da suna ba sa sa a fi tsayawa a kan wani ba. Mun daɗe a ƙasar nan. Amma amsa cikin natsuwa da katin shaida a aljihu sukan gama magana cikin minti biyu.

Kallon jirage al'ada ce tsohuwa a Ingila, kuma wurin da kake zuwa kusa da hanyar A1065 an tanade shi ne don haka. Sojojin ma sun san amfanin masu kallon. A Yulin 2021 wani mai ɗaukar hoto a bakin shingen ya hango tartsatsin wuta na fita daga bayan wani F-15 da ya tashi, ya buga wa sansanin waya, aka dawo da jirgin lafiya, daga baya matuƙin ya fito ya yi masa godiya da kansa. Don haka ba zan ce ka daina zuwa ba. Ka dai tsaya inda jama'a ke tsayawa, ka ɗauki jirgi a sama. Ƙofar shiga, masu gadi, kyamarorin tsaro da lambobin motocin ma'aikata, ka ɗauke kai daga kansu. Kada ka hau shinge ko ka shiga gonar mutane don neman wuri mai kyau. Jirgi marar matuƙi ko na wasan yara ne, kada ya bi ka can. Haska jirgi da fitilar leza kaɗai na iya jawo ɗaurin shekara 5. Idan ɗan sanda ya ce ka bar wurin, dokar 2023 ta ba shi wannan iko, ka tafi, gardama ta jira wani lokaci. Baturen da ke kusa da kai in ya yi kuskure tara zai biya ya koma gidansa. Kai kuwa ƙaramin hukunci ma na iya bin ka har ranar da za a auna halinka don ba ka takarda, ɗaurin shekara guda kuma hanyar kora ce.

Wannan sassauci na Ingila kada ka ɗauke shi ka tafi da shi wata ƙasa. A Nuwamban 2001 an kama Turawan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 a sansanin Kalamata na Girka, masu kallon jirage ne zalla, suka yi makonni a tsare, aka same su da laifi a 2002, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke su. A 2015 wasu 'yan Birtaniya uku sun shafe kusan wata biyu a tsare a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saboda rubuta lambobin jirage kusa da filin jirgin Fujaira. Waɗannan masu jan fasfo ne da jaridu da 'yan majalisa ke yi wa magana. 'Yan'uwanmu da ke aiki a Saudiyya da Dubai da Katar, ku ji wannan da kyau: wurin soja ba a ɗaga masa waya, ko ta tagar mota. Haka ma in ka je hutu gida, kada ka tsaya a bakin sansanin Kaduna ko na Yamai kana ɗauka don ka saba a Suffolk.

Sai maganar Hajiya. Tsoronta ba shirme ba ne, haɗari yana faruwa. A Janairun 2014 jirgi mai saukar ungulu na Lakenheath ya faɗi a gaɓar tekun Norfolk bayan ya ci karo da garken dinya, sojoji huɗu suka rasu. A Oktoban 2014 wani F-15 ya faɗi a gona a Lincolnshire, matuƙin ya tsira da lema. A Yunin 2020 wani ya faɗa Tekun Arewa, matuƙin ya rasu. Ka lura, a duk ukun babu mutumin gari da ya mutu. Inda aka yi asarar jama'a da yawa wuraren wasan jirage ne: Ramstein a Jamus a 1988 mutum 70, Shoreham a Ingila a 2015 mutum 11 a kan babbar hanya. Ka gaya mata gidanka ba a kan titin jirgi yake ba, kuma canza gari yana nufin canza wurin aiki, wanda ga mai bizar aiki ba ƙaramar hidima ba ce. Ka rage tura mata masu ƙarar nan, ka tura mata na kasuwa da masallaci.

Abu ɗaya da nake roƙonka: in Allah ya ƙaddara ka ga jirgin soja ya faɗi, kada ka yi irin tamu ta gida, a ruga wurin da waya a hannu kamar an ce tankar mai ta kife. Tarkacen na iya ɗauke da harsasai da ba su fashe ba, kujerar matuƙi tana da abin fashewa a ƙarƙashinta, ƙurar jikin jirgin da ya ƙone tana lalata huhu, jirgi samfurin F-16 kuma yana ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira haidirazin. Ka kira lambar gaggawa ta 999, ka yi nisa, ka koma ɓangaren da iska ba ta kaɗo hayaƙin. Ɗaukar ko guntun ƙarfe daga tarkacen jirgin soja laifi ne a Birtaniya tun dokar 1986, kuma 'yan sanda na da ikon killace wurin su kama wanda ya ƙi fita.

Idan mutumin can ya sake turo saƙo da wata lamba bayan ka toshe shi, kada ka amsa. Ka ƙara shi a kan rahoton farko, ka riƙe lambar rahoton da 'yan sanda za su ba ka tare da takardun bizarka.