Amsoshin Tambayoyinku: Cin Kasuwa da Yawon Buɗe Ido a Birnin Bauchi

Tambaya: Zan aurar da 'yata bayan Sallah. Na daɗe ina adashi, yanzu ina so in shigo Bauchi daga Alkaleri in haɗa mata kayan ɗaki da na kicin. Ban saba da kasuwar birni ba, tsoro nake ji kada a cuce ni.

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Kwantar da hankalinki, wannan tsoron naki shi ne zai tsare miki kuɗinki. Ki rubuta duk abin da kike so a takarda tun daga gida, abin da ba ya cikin takardar kada ki kalle shi. Ki nemi 'yar'uwa mazauniyar gari ta raka ki, mutum ɗaya ta isa, domin 'yan rakiya in sun yi yawa kowace sai ta ƙara miki abin saye. Ku fara zagaya Kasuwar Wunti da Babbar Kasuwa kuna tambayar farashi ba tare da kin ciro ko sisi ba, sai kin ji bakin mutum uku ko huɗu sannan ki taya. Kayan wuta kamar firji da abin markaɗe a gwada su a gabanki, a ba ki rasit. Kuɗin kuma ki bar mafi yawansu a banki ki riƙa turawa, kada ki ƙulle su duka a jaka ɗaya. Kayan abinci na gara, wannan sai Kasuwar Muda Lawal, kuma ki bari sai biki ya matso.

Tambaya: Ni da abokaina za mu taso daga Gombe da safe, mu ci kasuwa, mu je gandun dajin Yankari mu yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, mu koma gida kafin magariba. Zai yiwu?

Ba zai yiwu ba, kuma da kun zauna kun yi lissafi da ba ku aiko ba. Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 150 ne. Yankari kuwa ba a cikin gari take ba, sai an bar babban titi a Dindima an yi tafiya mai nisa kafin a kai ƙofar Mainamaji, daga ƙofar ma akwai sauran tafiya zuwa Wikki. Ga kuɗin mai yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Ku zaɓi ɗaya. In Yankari ce, ku je da rani lokacin da namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji, ku kwana.

Tambaya: Duk zuwana Bauchi nakan sayo wa mahaifina zuma a tasha, yana da ciwon suga. An ce in gwada da ashana, in ta kama wuta mai kyau ce. Haka ne?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan kula, amma ka dakata da ba shi zumar nan daga yau. A kan wannan zan daɗe, domin abin ya ishe ni.

Mai algus ya san abin da idonka ke nema. Yakan dafa sukari har ya yi ja ya yi kauri, ya zuba 'yar zuma kaɗan don ƙamshi, sannan ya jefa gutsuren saƙa da matattun ƙudan zuma biyu a saman gora. Kai kuma da ka ga saƙar sai ka ce daga amya aka ɗebo. Ya san kai matafiyi ne, motarka ta kusa cika, ba za ka dawo ka neme shi ba. Shi ya sa tasha da bakin titi suka fi ko'ina wannan cuta. Ba na cewa duk mai tallar zuma a tasha maha'inci ne, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, amma ta yaya za ka bambance su cikin minti biyu ana danna maka hon?

Gwajin ashana ba hujja ba ne. Ɗigawa a ruwa a ga ta nutse ba hujja ba ne. Cewa ƙuda ba ya sauka a kanta, wannan zance ne kawai. Sukarin da ya dahu sosai zai iya tsallake duk waɗannan. Abin takaici ma, mutane kan zubar da zuma ta gaskiya don sun ga ta daskare lokacin hunturu, alhali daskarewa ɗabi'arta ce. Launi ma ba ya nuna komai: wata baƙa ce, wata fara-fara, gwargwadon furen da ƙudan ya sha.

Abin da ya rage shi ne sanin mutum. Ka nemi wanda ke da amya ko mai sayarwa da ke zaune a wuri ɗaya shekara da shekaru, wanda in ta ɓaci za ka koma ka same shi. Ka sayi kaɗan tukuna. In ta kwalba ce mai tambari, ka duba lambar NAFDAC. In aka yi maka farashin da ya yi ƙasa da na kowa, ka tambayi kanka dalili; araha ba ta ado. Sannan ko zumar ta tabbata mai kyau ce, tana ɗaga suga, don haka sai ka tambayi likitan Baba kafin ya ci gaba da sha. Iyaye mata kuma ku ji da kyau: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko lasawa ce.

Haka ake yi da man shanu, a cakuɗa shi da kitse ko bota mai araha. Maganin wannan mai sauƙi ne, uwargida, ki sayi ɗanye wurin 'yar Fulanin da kika saba da ita ki soya da kanki da albasa. Haka ake yi da mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki. Ni abin da ke ƙona min rai shi ne yawancin masu sayen zuma don magani suke saye, saboda Alƙur'ani ya ce akwai waraka a cikinta, sai wani ya dubi mara lafiya ya sayar masa da sukari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Shugabannin kasuwa da sarakunan tasha sun san masu wannan aiki, kuma suna da ikon korarsu.

Tambaya: Ina ne ya fi masa mai daɗi a Bauchi?

Inda ka ga layi da safe kuma tanda tana kan wuta. Ka ci da zafinta, da miyar taushe ko ƙuli, ka leƙa inda ake wanke kwanuka kafin ka zauna. Ba na ba da sunan kowa.

Tambaya: Yarana na hutu, kuɗina kaɗan ne. Akwai abin da zan nuna musu a cikin gari?

Akwai, Malam, kuma kada ƙarancin kuɗi ya sa ka ji nauyi. Ka kai su kabarin Sa Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Najeriya da aka kashe a Janairun 1966. Ku wuce ƙofar fadar Sarki, ka ba su labarin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya karɓo tuta ya kafa garin. Ku hau Keke Napep ku bi ta Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti su ga inda ganuwa ta bi. Ku fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku ɗauki ruwanku daga gida, kuma ku kauce wa tsakar ranar Juma'a saboda cunkoson masallaci. A cikin kasuwa ka riƙe hannun ƙaramin, babban kuma ka rubuta masa lambar wayarka ka sa masa a aljihu.