Shin Shari'a tana hawa kan Kirista a jihohin Arewa?

Malam, ka tambaya ko maƙwabcinka Kirista zai iya gurfana gaban alƙalin Shari'a. A dokance, sai da yardarsa. Tun da Zamfara ta fara aiwatar da Shari'a a 2000, zamanin Ahmad Sani Yarima, dokokin hukunta laifi na jihohin nan Musulmi suka shafa. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da sauya shi, shi ya sa ba a sa ridda cikin dokokin ba.

Inda gizo ke saƙar, a ganina, ba a cikin kotu ba ne. Samun filin gina coci kan yi wuya, kuma idan Hisbah ta fasa kwalaben giya a Kano, sau da yawa ɗan kasuwar da ya yi asarar ba Musulmi ba ne.