Na ce wa masu bincike lafiyata lau, alhali ba na barci

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni bazawara ce a Aboabo nan Kumasi, maigidana ya rasu lokacin korona, na yi takaba ba mai shigowa gaisuwa. Yanzu wasu likitoci masu bincike sun shigo Zango suna ɗiban jini kaɗan suna tambaya kan barci da damuwa da yadda jiki ya koma bayan annobar, suna ba da kuɗin trotro, wato kuɗin mota. Na sa hannu na karɓa, amma duk abin da suka tambaya sai in ce alhamdulillahi lafiya lau, don malamarmu ta ce faɗa wa mutum damuwarka kai ƙarar Allah ne, alhali tun lokacin ban san barcin kirki ba. Kuɗin nan halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya jiƙan maigidanki. Kuɗin halal ne, ai ba jininki kika sayar ba, ladan ƙafarki ne da lokacinki. Ɗiban jini don bincike ma ya halatta, kuma ɗan abin da sirinji ke ja ba ya karya azumi.

Inda na tsaya shi ne wannan "lafiya lau" ɗin. A gaisuwa ba ƙarya ba ce, ko wanda ke kwance a asibitin Komfo Anokye ka ce masa ya jiki zai ce da sauƙi, kowa ya san al'ada ce. Amma takardar da kika sa wa hannu ba gaisuwa ba ce, shaida aka nema, kika ba da wadda ba ita ba. In mata ɗari a Zango suka yi haka sai a rubuta cewa mutanenmu ba abin da ke damunsu, gobe in za a tura ma'aikatan lafiya a tsallake mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Maris 2022 cewa fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar, to da amsoshi irin naki ake haɗa wannan lissafi. Tambayar da ba ki so kina da damar ki ce a wuce ta, shiru ya halatta miki, canza gaskiya ne bai halatta ba. Tunda fatawar da aka ba ki kika bi ina fatan ba ki da zunubi, amma ki koma ki gyara.

Sai maganar malamarku, Allah ya saka mata. Tana da asali, an ruwaito cewa Ɗawus, ɗaya daga cikin malaman tabi'ai, ya ƙi nishin marar lafiya, kuma da labarin ya kai ga Imamu Ahmad a ciwon ajalinsa sai ya daina nishi. To wannan tsantseninsu ne a kan kansu, ba su haramta wa kowa gaya wa likita ciwonsa ba, in ba haka ba da me likitan zai yi aiki? Nana A'isha ta ce wayyo kaina, Annabi (SAW) ya ce a'a ni ne dai wayyo kaina, ya kuma faɗa da bakinsa cewa zazzaɓin mutum biyu yake yi. Shi ma ƙara ya kai? Ibnul Ƙayyim ya raba su, akwai ba da labari ga wanda ake sa ran taimakonsa, akwai ƙorafi na fushi da ƙaddara, na biyun ne ke cin haƙuri. Masu cewa ai wancan ciwon jiki ne, damuwa kuwa raunin imani ce, Annabi Yakubu da ya yi ta baƙin ciki har idanunsa suka yi fari fa? Kuma Nana A'isha in an yi rasuwa takan sa a dama talbina, kunun nan mai laushi, saboda hadisin da ya ce tana tafiya da wani sashe na baƙin ciki, wato an nemi sauƙinsa ta hanyar ciki ba wa'azi kaɗai ba. Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934 Miladiyya littafi guda ya yi kan lafiyar jiki da ta zuciya tare, don haka kar a ce mana turawa suka kawo.

Abin da ya fi damuna ma ba takardar ba ce, ke ce. An rufe Kumasi da Accra ranar 30 ga Maris 2020 har sati uku, jana'iza ba a wuce mutum 25, cincirindon da muka saba a Zango wanda ke ɗauke wa mai takaba rabin nauyi ba ki samu ba, shekaru kuma sun ja ba barci, wannan ya wuce a ce yi haƙuri kawai. Masu bincike ba lallai su yi miki magani ba, ki je asibiti ki ce a haɗa ki da nas ta ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa wurin ba ya nufin hauka, ki ci gaba da azkar ɗinki. Kar ki sayi ƙwayar barci a kemis da kanki. In kuma tunanin gara ki mutu yana zuwa miki, yau ɗin nan ki gaya wa wani babba a gida ya raka ki.

Da za ki koma, ki sa su karanta miki takardar da Hausa, ina jinin zai je, wa zai ga sunanki, kuma kina iya fita duk ran da kika so. Tun abin da ya faru a Kano a 1996 da gwajin maganin Trovan kan yara masu sanƙarau mutanenmu ke ɗari-ɗari, tambaya haƙƙinki ce. In kin fi sakewa da mace ki nemi mace ta zauna da ke. Wallahu a'alam.