Tambayoyinku: Makin JP a Final Fantasy Tactics, da masu kwana suna jifan juna da dutse

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan gem guda, Final Fantasy Tactics, gem ɗin yaƙi da kake tafiyar da rundunar sojoji a cikinsa, don haka masu tambayar batiri da WhatsApp su yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Malam, wayata ƙarama ce, RAM ɗinta 3 ne. Za ta iya ɗaukar Final Fantasy Tactics: The War of the Lions? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Gem ɗin da aka yi wa na'urar wasa ta hannu PSP a 2007, ya zo Android a 2015? Za ta ɗauka. Goge bidiyoyin bikin da suka cika ta tukuna.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina babi na ɗaya, an hana ni wuce yaƙin Dorter. Ina kashe abokan gaba da sauri amma JP ba ya taruwa, har yanzu ban buɗe Monk ba. Ina gyaran yake? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, saurin kisan nan da kake alfahari da shi, shi ne ke cutar ka. JP shi ne makin da soja ke sayen dabaru da shi ya kuma buɗe sabbin sana'o'i irin Monk, kuma gem ɗin nan ba a kan gawa yake biyansa ba. Duk aikin da sojanka ya yi kuma ya ci, ko sara, ko jifa, ko shayar da ɗan'uwansa magani, za a ba shi maki a sana'ar da yake riƙe da ita a lokacin. Wanda ya gama yaƙi da sara biyar ya ci ladan aiki biyar. Wanda ya ja shi zuwa aiki hamsin ya ci na hamsin.

Ga lissafin, tunda na san ba za ka nema da kanka ba. Kowane aiki yana ba da 8, a ƙara ninki biyu na matakin sana'ar, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na lebul ɗin sojan. Sabon yanka, mai lebul 1 a matakin sana'a na 1, maki 10 yake samu. Mai lebul 8 a mataki na 3 yana samun 16. Ka lura babu ruwan lissafin da wanda aka yi wa aikin, ko dodo ne, ko abokinka, ko kai kanka.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda kuke kashe makin farko. Yaro ya tara 250 da ƙyar, sai ya ruga ya sayi wata dabara don sunanta ya yi masa daɗi. A sana'ar Squire akwai JP Boost, 250 ne kuɗinsa a bugun War of the Lions, kuma yana ƙara rabi a kan duk abin da za ka samu har ƙarshen gem. Mai 16 ya koma 24. Cikin aiki talatin da 'yan kai ya mayar maka da kuɗinka. Duk sojan da ka ɗauka, wannan zai fara saya, kuma ka tuna ka ɗora masa shi a gurbinsa, don na sha ganin wanda ya saya ya bar shi a ajiye yana ta jiran albarka.

Na biyu shi ne Focus, 300, shi ma na Squire. Yana ƙara wa mai shi ƙarfin duka da 1, ba ya cin MP (makin tsafi), ba ya kuskure, ba ya buƙatar kowa a kusa. Ka mayar da soja kowace sana'a kake so, ka sa masa dabarun Squire a gurbi na biyu, duk zagayen da babu wanda zai daka sai ya yi Focus. Makin zai tafi ne ga sana'ar da yake sanye da ita. Da haka ake raya masu tsafi irin Black Mage da ba sa jure duka. Kada soja ya ƙare zagayensa hannu rabbana, wannan ita ce dokata.

Sai ka fita filin Mandalia, ka kashe kowa ka bar guda. Idan kana da Knight, ya yi ta masa Rend Power da Rend Speed har ya zama ba ya iya cutar da kowa, ku matse shi a lungu. Sauran su yi ta harkarsu: wannan ya jefi wancan da Stone, Chemist mai magani ya ba shi Potion, kowa ya ci lada. Kuma akwai rarar da mutane ke mantawa da ita. Duk makin da soja ɗaya ya samu, sauran da ke filin suna samun kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wannan sana'ar. Saboda haka idan Monk kake nema, wanda ke buƙatar Knight mataki na 3, wato jimillar maki 400, mayar da mutum uku Knight a lokaci guda. Suna ciyar da juna kamar masu adashi.

Abu biyu na kyauta. Abokin gaba ɗan'adam da ya faɗi, idan ƙidayar 3 da ke kansa ta ƙare, yakan zama akwati ko lu'ulu'u, kuma wanda ya taka lu'ulu'un yakan gaji wasu dabarunsa ba tare da biyan ko maki ɗaya ba. Daga babi na biyu kuma mashaya na ba da aikin aike, ka tura waɗanda ke zaman benci su yi kwanaki su dawo da JP.

Shi kuwa Dorter, maharban da ke saman gini da Black Mage ɗin nan ne ke kashe ka. Je da Chemist biyu masu Phoenix Down, maganin tayar da wanda ya faɗi, ka daina tura Ramza, jarumin gem ɗin, gaba shi kaɗai.

Tambaya: Na bi shawarar wani a YouTube na yi ta Focus har Ramza ya kai lebul 45 a babi na ɗaya. Yanzu ko Chocobo, dodon nan mai kama da kaza, na haɗu da shi a hanya sai ya karkashe min mutane. Gem ɗin ya lalace ne? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Gem lafiyarsa ƙalau, 'yar'uwa, ke kika kiwata kajin da hannunki. Yaƙoƙin hanya suna bin lebul ɗin wanda ya fi kowa girma a rundunarki, alhali kantuna ba sa kawo sabon sulke sai labari ya ci gaba. Dodanni ba sa sa sulke, ƙarfinsu daga lebul yake zuwa, ke kuma kina lebul 45 da rigar babi na ɗaya. Kowane Focus yana ba da EXP 10, wato makin ƙarin lebul, goma daga cikinsu lebul guda ke nan, shi ya sa abin ya gudu miki.

Dabarar rage wannan: EXP yana raguwa idan wanda aka yi wa aikin yana ƙasa da ke a lebul, JP kuwa ba ya raguwa. Ki ɗauki sabon soja mai lebul 1, manyan su riƙa yi masa aikin da ba zai kashe shi ba. Yanzu dai ki bi labari kai tsaye, yawancin yaƙoƙinsa lebul ɗinsu a tsaye yake, za ki wuce su kina hamma. Kuma ki riƙa adanawa kafin ki taka kowane koren ɗigo a taswira.

Tambaya: Ina gidan sarautar Riovanes, babban abokin gaba Wiegraf yana kashe Ramza da sara biyu, kuma ba a bari na fita. Gurbin ajiya ɗaya gare ni. Daga wani mai shagon caji a Kano.

Amsa: Inna lillahi. Tun 1997 wannan tarkon ke cin mutane, kuma kullum sai na faɗa a shafin nan: idan gem ya tambaye ka ko za ka adana a tsakiyar yaƙoƙi masu bin juna, sabon gurbi za ka buɗe. Gurbi kyauta ne, Alhaji, ba kamar soket ɗin shagonka ba.

Duba makin da Ramza ya tara a Squire da Chemist, wataƙila rarar nan ta cece ka. Sayi Tailwind, 200, ka yi ta guje masa kana ƙara sauri har ka riƙa yin zagaye biyu ko uku kafin ya yi ɗaya, sannan Focus, sannan ka juyo. Idan kana da 400 a Chemist ɗauki Auto-Potion, wanda ke sa soja ya sha magani da kansa idan aka dake shi. Shi mafi ƙanƙantar maganin da ke jakarka yake fara sha, don haka ka zubar da ƙananan Potion ka bar manya. Idan duk babu, ka san inda maɓallin sabon wasa yake.

Tambaya: Akwai inda zan sauke wanda aka yi wa kutse, mai JP 9999 tun farko? Daga wani matashi a Kumasi.

Amsa: Akwai, kuma ba zan nuna maka ba. Wayar da kake shiga asusun bankinka da ita za ka ɗora wa manhajar da ba ka san wanda ya taɓa cikinta ba, saboda ƙyuyar jifan dutse? Idan ta nemi izinin karanta saƙonninka, me gem ɗin yaƙi zai yi da lambar sirrin da banki ke turo maka? Saya a Play Store.

Tambaya: Na sayi sabon bugun The Ivalice Chronicles na 2025 a kwamfuta, na nemi sana'ar Dark Knight na rasa.

Amsa: Babu shi a can, shi da Onion Knight na War of the Lions ne. Ko a can ɗin sai ka ƙure Knight da Black Mage, ka kai Dragoon, Samurai, Ninja da Geomancer mataki na 8, sannan sojan ya kashe mutum 20. Farashin wasu dabarun ma ya bambanta tsakanin bugu da bugu, don haka duba lambar da ke allonka kafin ka aiko min da wasiƙar ƙorafi.