TAMBAYA DA AMSA: Da gaske mutum zai biya kuɗi ya hau dutsen Himalaya don kallon tsuntsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya mai shafi. Ni ɗan Gombe ne, ƙanina yana karatu a kusa da Delhi kuma in Allah Ya yarda zan je bikin gama karatunsa a watan Afrilu. Na ga wani bidiyo a Facebook na wani tsuntsu mai sheƙi kala-kala wai a dazukan gindin Himalaya yake, tun daga ranar abin ya tsaya min a rai. Abokaina a majalisa sai dariya suke min wai kallon tsuntsu aikin marasa aikin yi ne. Dan Allah lokacin ya yi daidai? Kuma ta ina ake bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bar 'yan majalisa su yi dariyarsu, ai su ma in shamuwa ta sauka a kan kuka su ne na farko da za su ce damina ta kusa, to wannan ba kallon tsuntsu ba ne?

Lokacin ka dace wlh. Ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin da mu nan bazara ke gasa mu har mutum ya rasa inda zai sa kansa, su can sanyi ne yake sakin duwatsu. Tsuntsayen da suka gudo ƙasa-ƙasa saboda ƙanƙara suna fara komawa sama don yin sheƙa, mazan suna ta kuka suna neman mata, shi ya sa ake saurin ganinsu. In ka bari sai ƙarshen Yuni ruwan damina ya sauka, hanyoyi su zabtare, ga matsattsaku a cikin ciyawa. Watan Mayu ma wani sa'in gobarar daji takan cika sama da hayaƙi. Afrilun nan naka shi ne.

Hanya mafi sauƙi daga inda ƙaninka yake ita ce jihar Uttarakhand. Ka hau jirgin ƙasa daga Delhi zuwa Kathgodam, kamar awa shida ne, nan layin dogo ya ƙare dutse ya fara. Daga nan mota zuwa Nainital kusan kilomita 35, amma kar wannan 35 ɗin ta ruɗe ka ka ɗauka kamar Gombe zuwa Dadin Kowa ne, hanyar nan lanƙwasa ce kan lanƙwasa kamar maciji, in kana da saurin amai ka sha magani tun a tasha. Wurare biyu masu kallon tsuntsu suka fi zuwa, Sattal mai tafkuna, tana ƙasa-ƙasa, sai ƙauyen Pangot kamar kilomita 15 gaba da Nainital, wajen mita 2,000 a sama.

Abin da nake so ka riƙe shi ne a can tsawo ne yake raba tsuntsaye. Abin da za ka gani a mita 400 daban, na mita 2,000 daban, kamar ka canza ƙasa alhali tafiyar awa biyu ko uku ce. Wancan mai sheƙin da ka gani a bidiyo, ina kyautata zaton monal ne, shi ne tsuntsun jihar Uttarakhand kuma tsuntsun ƙasar Nepal, su suna ce masa danfe. Shi ɗan can sama ne sosai, masu nemansa wajen Chopta da Tungnath suke tafiya, tafiya ce ta daban mai cin yini guda a mota. To kar ka je Sattal ka zauna kana jiran monal ka dawo kana cewa an yaudare ka. Amma akwai 'yan uwansa a ƙasa, kalij da ake yawan gani yana tsallaka hanya da sassafe kamar yadda zabi ke yi a hanyar Yankari, sai koklas da aka fi yawan jin muryarsa a kan ganinsa.

Ni da na je Pangot, abin da ba zan manta ba wata safiya ce. Na yi asuba hannuna na karkarwa don ruwan alwalar kamar an ɗebo shi daga firiza, na fito da 'yar shadda ta da hula wai ni ga ɗan Bauchi, sai da mai masaukin ya tausaya min ya ara min wata tsohuwar rigar sanyi mai warin hayaƙi. Mun tsaya a ƙarƙashin bishiyar da suke kira buransh, ta yi furanni jajaye jawur kamar an zuba mata garwashi, har lemo suke yi da furen. Mun fi minti ashirin ba komai, har na fara lissafin kuɗin da na ɓata. Kawai sai daji ya ɓarke, ƙananan tsuntsaye iri-iri a garke ɗaya suka ratso ta kanmu, wannan yana bin reshe, wancan yana rataye kai ƙasa, ɗan jagoran yana ta raɗa sunaye ni ko na uku ban riƙe ba, kafin minti biyar sun wuce tsit kamar ba a yi ba. Daga baya wani ɗan uwan hankaka mai jan baki da shuɗin jiki da wutsiya doguwa kamar jelar rawani ya sauko yana tsalle a bakin hanya, ko kallonmu bai yi ba.

In kwanakinka sun kai, ka gangara Ramnagar ka shiga gandun Corbett, shi ne mafi tsufa a Indiya tun 1936, tsuntsayensa sun haura iri 500. Can ne za ka iya dacewa da babban ɗan uwan cilakowa da burtu, wanda macen take shiga kogon bishiya a toshe ƙofar sai 'yar tsaga, mijin yana kawo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Sai dai akwai damisar nan mai zane, ba a yawo da ƙafa, cikin mota a buɗe ake zagayawa kuma sai an yi rajista tun da wuri.

Kayan tafiya ba yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya ishe ka, rigar sanyi, takalmi mai kama ƙasa, kaya masu duhun kala ba farar shadda mai ƙyalli ba. Kar ka manta katin rigakafin shawara, Indiya ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya. Abinci kuwa shinkafa da miyar wake-wake da gurasar da suke kira capati za ka yi ta ci, ba nama ba damuwar yanka, kuma akwai masallacin Juma'a a Nainital dab da tafki. Ka ɗauki jagora ɗan gari, kuɗinsa ba asara ba ne, shi da kunne yake gane su tun kafin ido ya gani.

Kafin Afrilu kuma dan Allah ka sayi madubin tun yanzu ka riƙa zuwa bakin dam ɗin Dadin Kowa bayan asuba, ka koya wa hannunka kamo tsuntsu a cikinsa da zalɓe da belbela, don na can ba sa jiran ɗan koyo.

Tambaya: Yaya, ni daga Bauchi nake, malama ce a firamare. Mu da ba mu da kuɗin jirgi fa?

Amsa: Malama ai ke a bakin gaɓa kike. Yankari tana da tsuntsaye sama da iri 350, kuma a watan Maris da Afrilu da ruwa ya janye komai bakin kogin Gaji yake taruwa. Ki kwashi ɗalibanki ku tashi da wuri, in rana ta yi zafi ku faɗa Wikki.